Wata takwas ina aiki da Blender a Damagaram, ga abin da na gani

Salam 'yan uwa. Tun da na saki ɗan bidiyon nan na guguwar da ta taso a lungun Birni ta haɗiye mutum, ake ta tambayata wai da me na yi shi, wasu ma har rantsuwa suke Kano na aika aka haɗa min. Wallahi a ɗakina na yi, da Blender, wata manhajar kwamfuta ta ƙera abubuwa a 3D da ɗora su cikin bidiyo, a kan tsohuwar kwamfuta ta hannu mai RAM 8 da nake montaj ɗin biki da suna da ita.

Abin da ya fara ja na shi ne kyauta ne, ko dala ba a biya. After Effects, wata manhajar da ake irin wannan aiki da ita, kowane wata sai ka biya kuma sai da katin banki, mu nan wa ke da wannan? Shi kuwa Blender wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙiro shi, da kamfaninsa ya durƙushe sai jama'a suka yi karo-karo a 2002 suka tara yuro 100,000 cikin sati bakwai aka fanso shi ya zama na kowa. Nauyinsa wajen mega 300 ne, da dare na sauke shi lokacin da rezo ya yi sauƙi, kuma akwai wanda ko girkawa ba sai ka yi ba, ka zuba a kle ka kai wa aboki ya buɗe kawai. Yaran fadarmu uku duk daga kle ɗina suka samu. Yana kuma juyawa zuwa Faransanci, ko da yake ni na mai da nawa Ingilishi saboda yawancin darussan YouTube da shi ake yi, in sunayen maɓallai suka saɓa sai kanka ya ɗaure.

Satin farko akwai wuya, ba zan ɓoye ba. Ka buɗe ka ga akwati ɗaya a tsakiyar fili da maɓallai kamar ƙasa. Amma da hannu ya saba da G na ja, R na juyawa, S na ƙara girma, sai abin ya fara shiga jiki.

Bari in faɗi yadda guguwar ta kasance don nan ne na san darajarsa. Da waya muka ɗauka, bayan la'asar, ƙanena yana tafe a lungu, hannuna kuma yana ɗan rawa kamar kowa. Blender na da wani sashe da ke bin motsin kyamara, ka nuna masa ɗigo-ɗigo a hoton ya bi su har ya gano yadda ka motsa, sannan abin da ka ƙera ya zauna daram a ƙasa ba ya zamewa. Karon farko bai kama ba don katangar sumul take, launi ɗaya, ba abin da zai riƙe. Muka koma da gawayi na ɗiɗɗiga alama goma sha biyu a bango, na jera 'yan duwatsu a ƙasa, wata tsohuwa ta leƙo ta ce "ɗan nan lafiya kake zane mana gida?" na ce Inna aikin fim ne, in mun gama zan goge da hannuna, ta ce to Allah ya taimaka. Wannan karon tsaf ya kama.

Sai ƙurar kanta. Da injin hayaƙi na ciki na yi ta, ta fito fara fat irin hayaƙin fina-finan waje, kowa ya gani ya san ɗorawa aka yi. Ƙurarmu ba haka take ba, ja-ja ce mai ruwan ƙasa, kuma rana in ta ratsa ta sai gefen ya yi haske kamar zinariya. Kwana uku na yi ina ɗebo launi daga katangar da ke cikin hoton, ina juya fitilar rana har inuwar guguwar ta kwanta gefe ɗaya da inuwar ƙanena. Ni a ganina aikin duk a nan yake, mai kallo bai san sunan komai ba amma in inuwa ta saɓa nan take idonsa ke gane ƙarya.

Wajen fitar da hoto manyan injin biyu ne, Cycles da Eevee. Cycles yana lissafin haske kamar na gaske, kyau kam ba magana, amma a kwamfutata hoto ɗaya sai ya ci minti 4, daƙiƙa 10 kuma hoto 250 ne in kana 25 a daƙiƙa, ka lissafa, kusan awa 17 kenan, ga zafin watan Afrilu, sai da na ɗora ta kan bulo biyu na juya mata fanka. Eevee da ya zo da sigar 2.80 a 2019 shi ne abokin talaka, cikin ƙasa da awa ɗaya ya gama min. Kuma kar wani ya raina shi, fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025 da Blender aka yi shi kuma da Eevee aka fitar.

Shawara ɗaya da na koya da zafi: kar ka fitar kai tsaye a bidiyo. Na taɓa yi, wuta ta ɗauke cikin dare, batir ya mutu, aikin awa tara ya tafi. Ka fitar hoto-hoto a PNG, in ta ɗauke a na 180 gobe ka ci gaba daga 181, daga baya ka haɗa su.

Montaj na biki kam har yanzu a wani wuri nake yi, can hannuna ya fi sauri. Amma rubutu mai juyawa na tallan shago, tambari mai sheƙi, wuta, ƙura, duk Blender ne yanzu, har wani mai shagon atamfa a kasuwar Dole ya ba ni aiki na biyu. Yanzu ƙofar fadar Sarki nake ƙerawa da zanenta, ina so in gama kafin hawan sallah, mai hotunan ƙofar na kusa don Allah ya turo min.