Filogin jan ƙarfe ko na iridiyom, kuma yaushe ake canzawa a RAV4 da CR-V?

Salam jama'a. Alhaji, na ga tambayarka ta jiya kan RAV4 ɗinka tokumbo ta 2014, ka ce bakanikenka ya ce duk sabis biyu a canza filogi, abokinka kuma ya ce filogin waɗannan motocin sai a yi shekaru ba a taɓa shi ba, wa za ka bi. To kowannensu da gaskiyarsa, kawai dai ba filogi ɗaya suke magana a kai ba.

Shi bakanike filogin da ya saba da shi yake nufi, wato na jan ƙarfe ɗin nan mai araha mai kaurin baki. Wannan yana ba da wuta lafiya lau, amma bakinsa na cinyewa da wuri, daga kilomita 30,000 zuwa 40,000 ya gaji, ratar ta buɗe, mota ta fara wahalar tashi da safe. Ko shi ɗin ma "duk sabis biyu" an yi masa gaggawa in dai injin lafiyarsa ƙalau. Shi kuwa abokinka na iridiyom yake nufi, wanda in ka ɗaga shi ka duba za ka ga tsininsa siriri kamar allura, bai kai milimita ɗaya ba, kuma ƙarfen na da taurin gaske shi ya sa wuta ba ta cinye shi da sauri. Irinsa motarka ta fito da shi daga kamfani, kuma Toyota ta rubuta mil 120,000 wa injin 2.5 ɗin nan, kusan kilomita 190,000 kenan. Masu CR-V kuma motar ce da kanta take nuna lamba 4 a dashbod in lokaci ya yi, yawanci wajen mil 100,000. Akwai na filatinom a tsakiyarsu, wajen kilomita 100,000, amma ba sai mun tsaya a kansa ba.

Wajen kuɗi, na jan ƙarfe ya fi sauƙi ranar saye, ba musu. Amma kafin iridiyom ɗaya ya mutu ka canza wancan sau huɗu ko fiye, ga kuɗin aiki, ga kuma kwance koyil (abin da ke zaune a kan filogi yana tura masa wuta) da ɗaurawa kullum, kuma kan injin nan alminiyom ne, duk kwancewa wata dama ce yaron gareji ya ɗaure da ƙarfi fiye da kima ya lalata maka zaren ramin. Ni a ganina motar da aka ƙera ta da iridiyom a mayar mata da iridiyom kawai.

Sai dai fa kar ka riƙe 120,000 ɗin nan kamar aya. Na farko mitar motar Amurka da mil take ƙirge ba kilomita ba, mutane da yawa nan suke ruɗewa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Na biyu tokumbo ce, Allah kaɗai ya san ko an mayar da mitar baya kafin ta zo hannunka. Na uku kuma wanda ya fi damuna, Legas ce. Ka fito daga Agege za ka Obalende ka maƙale a gosulon gadar Third Mainland awa biyu, AC a kunne inji na juyawa filogi na ta ba da wuta, amma mita ba ta ƙara komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Don haka mitarmu a nan ba ta faɗin ainihin aikin da filogi ya yi. Ni dai da ni ne, tunda ba ka san tarihinta ba, a ciro guda huɗun a duba yanzu, in tsinin ya dushe ko ratar ta yi faɗi a saka sababbi gaba ɗaya, ka rubuta lambar mita a takarda ka jefa a akwatin gaba, daga nan ka sake dubawa wajen kilomita 100,000 ba sai ka jira adadin littafi ba.

In kuwa mota ta fara karkarwa a sulo, ko ka taka totur ta yi tuma kafin ta ɗauka, ko shan mai ya ƙaru haka kawai, ba maganar jiran mita. Amma kar a yi saurin ɗora wa filogi laifi, a saka mata kwamfuta tukuna. In ta nuna P0301 zuwa P0304 lambar ƙarshe ita ce silindar da ke fashin wuta, a musanya koyil ɗinta da na maƙwabciyarta, in matsalar ta bi koyil to ka ga filogi ba ruwansa. In an ciro an tarar da baƙin mai ya jiƙa ramin, gaskit ɗin murfin inji ne ke yoyo, ko sabo ka saka zai sake jiƙewa. Kuma in fitilar cek injin tana ƙyaftawa ba tsayawa ta yi cak ba, kar ka ci gaba da yawo da ita, ɗanyen mai na wucewa salansa yana ƙona indomi, wato matatar hayaƙin nan da ke jikin salansa, kuɗinsa kuwa ba a haɗa shi da na filogi.

Wani bambancin kuma, na jan ƙarfe yana jure wankin nan da kanikawa ke yi da fetur da burushin ƙarfe ko sanfefa, iridiyom ba ya jurewa, goga ɗaya an lalata tsinin. In ka ga yaro ya ɗauko sanfefa ka tsayar da shi.

Wajen saye, NGK ko Denso, kuma ka tafi da lambar da ke littafin motar ko jikin tsohon filogin in na asali ne. A Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas, akwai orijinal akwai jabu, kwali iri ɗaya sak, in aka ce maka iridiyom a farashin na jan ƙarfe ka ajiye musu kayansu. Jabun bakinsa kan narke ko ya gutsure tun ba a je ko'ina ba, gara na jan ƙarfe na gaskiya da shi sau goma. Sannan a bari inji ya huce kafin a kwance, kuma a fara ɗaurawa da hannu kafin a sa sifana.