Daga Tuluz zuwa Marwa: yadda muke koyon tace sigina ta intanet

Ƙanena, ina gaisuwa. Ka gaida Inna da sauran mutanen gida. Tunda kana shirin shiga Politeknik ta Marwa, bari in ba ka labarin darasinmu na ƙera matacin sigina a kwamfuta.

Aikin kamar tankaɗe ne, kai za ka zaɓi girman idon rariya. Malami kan ɗora mana hoton bugun zuciya wanda gurnanin wutar lantarki ya ɓata. Wutar Faransa da ta madatsar Lagdo duk 50 Hz ce, wato sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, don haka ƙwayar matsalar ɗaya ce. Daga ɗakina nake buɗe shafin gwaji, in rubuta lissafin da zai cire 50 ɗin kaɗai. Nan take layin da ke karkarwa ya daidaita. In ka faɗaɗa ramin da ke cire 50 ɗin da yawa kuwa, ka haɗa da bugun zuciyar ka zubar. Mataci iri biyu ne: FIR, mai aiki da siginar da ta shigo kaɗai, ba ya tangarɗa amma yana cin lissafi, IIR, mai mayar da abin da ya fitar cikin lissafin, ba shi da nauyi, sai dai in ka yi sake ya ɓalle da ƙara. Akwai kuma dokar Nyquist: yawan awon da kwamfuta ke yi wa sigina a daƙiƙa sai ya haura ninki biyu na mita mafi girma da ke cikinta. Shi ya sa wayar tarho ke awo 8,000, faifan CD kuma 44,100.

Wani lokaci ma na'ura ce ta gaske a makaranta. Ka kama layi, ka tura aikinka, ka kalle ta ta kamara da tsakar dare.

Kada dai Turai ta ruɗe ka. Abin da suka fi mu shi ne wuta ba ta yankewa, intanet na gida kuma kusan yuro 30 ne a wata, jaka ashirin ke nan, ka sha iya shanka, ba a ƙirga maka mega. Amma in kwamfuta ta lalace, kuɗin mai gyara sai ya sa ka tuna yaran kasuwar Marwa, masu farke waya a gabanka kana shan shayi. Nan sai an ba ka rana.

MATLAB, manhajar da ake irin wannan lissafi da ita, na kuɗi ne, makaranta ce ke biya mana. Kai ka nemi Octave ko Scilab, kyauta ne, kuma in ka sauke su sau ɗaya ba ruwanka da intanet. Ka ɗauki muryar Inna lokacin da injin niƙa ke ruri, ka gwada raba su, ka turo mini in ji.