Littafin yara na Annabi Yunusa: kifin ya yi kyau, amma an guntule labarin

Shekara tara ke nan ina koyar da yara a makarantar Lahadi a cocinmu da ke Bukuru. Watan jiya na shiga wani shagon littattafan coci a Jos, na ga ɗan littafi mai hotuna na labarin Annabi Yunusa da Hausa, shafi 24, naira 2,500. Guda biyar na ɗauka.

Takardar tana da kauri, rubutun manya ne, ɗan aji biyu ma yana iya binsa da yatsa. Ɗinkin ne dai ba ƙwari. Kafin Lahadi ta uku, tsakiyar guda biyu ta zazzago, sai da na bi su da allura da zare.

Hotunan kam sun biya kuɗinsu. Ga Yunusa a Yafa yana biyan kuɗin jirgin Tarshish yana waige-waige kamar wanda ake bi bashi. Ga matuƙan jirgi suna jefa ƙuri'a, shi kuwa idonsa duk barci. Shafin da yara suka fi so shi ne inda sarkin Nineba ya sa har dabbobi su yi azumi su sa tufafin makoki. Saniya da tsumma a baya, suka yi ta dariya. Birnin ne mai zanen ya mai da shi kamar fadar sarakunan Turai, alhali Nineba babban birnin Assuriya ce, kufanta na nan a gaɓar kogin Dajla, daura da Mosul a Iraƙi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne ƙarshen. Mutanen gari sun tuba, Allah ya fasa hallaka su, aka zana Yunusa yana murmushi, shi ke nan. Littafin Yunusa sura huɗu ne, sun tsaya a ta uku! A ta huɗun kuwa mutumin nan fushi ya yi, har ya roƙi mutuwa. Da bakinsa ya ce abin da ya sa ya gudu tun farko ke nan: ya san Allah mai jinƙai ne, zai yafe musu. Ya fita gabas da gari ya kafa rumfa yana jiran ya ga abin da zai same su. Allah ya tsiro masa da wata shuka ta yi masa inuwa, kashegari tsutsa ta cinye ta, rana ta ƙwale shi. Sai Allah ya tambaye shi: yana baƙin cikin shukar da bai sha wahalarta ba, shi Allah kuma kada ya ji tausayin mutum sama da 120,000 da ba su san dama da hagu ba, ga dabbobi tuli?

Yaran nan a Jos suka tashi, suna jin mu manya muna cewa mutanen unguwa kaza ba za su taɓa shiryuwa ba. Surar da suka fi bukata ita aka cire.

Na koma shagon na faɗa wa mai sayarwar, ya ce: "Mama, haka ya zo mana." Na rubuta surar a takarda na manna a bangon baya na kowanne. Da na karanta musu, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malama, to me Yunusa ya ce?" Na ce mata ba a rubuta ba.