Harsashin Federal Gold Medal Match mai nauyin giren 175: abin da ya dace mai harbi a Saudiyya ya sani

Hausawa mazauna Riyad da Jidda da ke zuwa wuraren koyon harbi masu lasisi kan tambayi dalilin da ya sa ake fifita wannan harsashi na .308 Winchester a kan ɗan'uwansa mai giren 168 (giren ƙaramin ma'auni ne da ake auna nauyin ƙwayar harsashi da shi), alhali bambancin nauyin ƙwayoyinsu bai kai rabin giram ba. Amsar tana cikin albarushin da aka ɗura masa da kuma siffar ƙwayar da ke bakinsa.

Kamfanin Federal, wanda ke Anoka a jihar Minnesota ta Amurka, yana ɗora wa wannan harsashi ƙwayar Sierra MatchKing mai nauyin kimanin giram 11.3, yana kuma bayyana gudunta a bakin bindiga a matsayin ƙafa 2,600 a daƙiƙa, wato ƙasa da na giren 168 da ƙafa 50. Wanda ya dubi wannan adadi kaɗai zai ɗauka an yi asara. Sai dai ƙwaya mai nauyi da tsawo ta fi riƙe gudunta a cikin iska, kuma iskar gefe ba ta karkatar da ita sosai, shi ya sa take ci gaba da tafiya daidai har kusan yadi 1,000, inda mai giren 168 ta saba fara tangaɗi.

Batun albarushi shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ƙwaya mai nauyi ba ta saurin motsawa daga wuyan kwanso, wato gwangwanin da ke ɗauke da albarushin, saboda haka idan aka haɗa ta da albarushi mai saurin ƙonewa, matsin zai taru ya kai ƙololuwa tun kafin ta yi nisa a cikin bututun bindiga. Iyakar matsin da SAAMI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka, ta gindaya wa .308 ita ce fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, kuma ba wuya a tsallake ta da kuskuren zaɓi. Abin da ake nema shi ne albarushi mai ƙonewa a hankali, wanda zai ci gaba da tura ƙwayar har ta fita. Amma kwanson .308 ƙarami ne, ba ya ɗaukar isasshen albarushi mai jinkiri sosai irin H4831 da ake amfani da shi a manyan harsasai, don haka masu ɗura harsashi da hannunsu a Amurka da Turai suka tsaya a kan na tsaka-tsaki, irin su Varget da IMR 4064 da Reloder 15 da Vihtavuori N140. Mai sayen Gold Medal Match yana biyan kuɗin wannan lissafi ne, wanda masana'anta ta yi da na'urorin auna matsi da ba kasafai ake samunsu a gida ba.

A ganina wannan ya fi muhimmanci a nan fiye da ƙasashen sanyi. Zafin Riyad a watan Yuli kan kai maki 45 a ma'aunin Celsius, kuma albarushi yana ƙara matsi idan ya ɗumama, musamman harsashin da aka bari a cikin mota ko a rana a kan teburin harbi. Ma'aunin albarushin da ya zauna lafiya a hunturun Turai yana iya zama haɗari a tsakar ranar Najad, yankin da Riyad take. Dokar ƙasar ma ba ta wasa da sha'anin makamai, domin mallakar bindiga da harsashi sai da izinin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma galibinmu baƙi iyakar hulɗarmu da su ita ce cikin filin harbi mai lasisi.

A kan takardar harbi a mita 100 na tarar ramukan suna taruwa wuri guda, sai dai a wannan tazara ban ga fifikon da ya kai a biya ƙarin kuɗi ba, domin mai giren 168 ma yana yin haka. Turin bindiga a kafaɗa ya ɗan fi ƙarfi. Ya kamata kuma a duba murɗin da ke cikin bututu, domin wanda ke juya ƙwaya sau ɗaya a inci 10 ko 11 ya fi dacewa da ita, ko da yake na inci 12 ma yakan riƙe ta.

Harsashin yana da tsada, kuma ba na farauta ba ne. Kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar harbin manyan dabbobi da MatchKing, saboda ba a ƙera ta don ta buɗe a jikin dabba ba. Wanda harbinsa bai wuce mita 300 ba, zai iya sayen mai rahusa ba tare da ya rasa komai ba, amma mai neman gasar dogon zango zai samu abin da ya biya.