Toyota Highlander ta 2020 zuwa sama: kujera takwas, amma ta baya ta yara ce

Kallon farko za ka ce jif ce, amma ƙashin jikinta na ƙaramar mota ne, dangin na Camry. Shi ya sa take da laushi a kan kwalta, shi ya sa kuma ba ta da ƙaramar giyar fita daga laka ko rairayi. Tsakanin cikinta da ƙasa santimita 20 ne kacal.

Daga 2020 zuwa 2022 tana zuwa da inji mai silinda shida, lita 3.5, ƙarfin doki 295, da giya takwas mai canza kanta. Sarƙa ce ke haɗa juyin injin, ba bel ba, don haka babu ɗawainiyar canji, muddin ana zuba baƙin mai 0W-20 a kan lokaci. Mai sayen wadda aka hau ya leƙa gefen famfon ruwa: idan ya ga busasshen ruwan lagireto, ja-ja kamar garin alli, yoyo ya fara. A 2023 aka koma silinda huɗu mai turbo, lita 2.4, doki 265. Ta fi ja daga tsaye, sai dai muryarta ba ta kai ta tsohon daɗi ba.

A ganina mai haɗa fetur da batir ce ta fi dacewa da iyali. Dokinta 243, tana shan wajen lita 6.5 a kilomita 100. Batirin yana ƙarƙashin kujerun tsakiya, fanka ce ke sanyaya shi. Ƙura da gashi da ledar yara su toshe ragar iskar, batir ya yi zafi, ƙarfi ya ragu, a yi ta zargin inji. A riƙa share ragar.

Inda take ba da kunya shi ne layin kujeru na uku. Wurin ƙafa santimita 70 ne, kujerar kuma ta yi ƙasa, babba ya zauna gwiwa na neman ƙirji. Da kujerun a tsaye but ɗin lita 450 ne, akwati biyu ya cika. Sai an kwantar da su ake samun fili.

Mai jan taya huɗu kuma a canza mata tayoyin tare, iri ɗaya. Idan wata ta fi wata cinyewa, juyinsu ba ya zuwa daidai, na'urar raba ƙarfi zuwa baya ce ke shan wahalar.