Mamatsan katako huɗu da na sa aka yi mini a Yamai, bayan shekara guda ina aiki da su

Wata tsohuwar kujera ce ta jawo wannan zance. Wata hajiya a unguwarmu ta Bukoki ta aiko mini da ita, ta ce ta mahaifinta ce, kada in canja mata ko ƙusa ɗaya. Ƙafar baya ce ta tsage, ga ƙafar ba daidai take ba, sama da kauri, ƙasa da siranta. Na zuba gam, na ɗauko mamatsin ƙarfe irin wanda kowane kafinta yake da shi, na ɗaure. Ya zame. Na sake ɗaurewa, ya sake zamewa. A karo na uku da na matsa da ƙarfi ya tsaya, amma da na kwance washegari sai ga zagayen tabo ya lotsa cikin katakon kamar an danna kwabo. Hajiya ba ta ce komai ba, ta dai shafa wurin da yatsa ta yi shiru. Shirun nan ya dame ni kwana da kwanaki.

Daga nan na tuna da wani mamatsi na katako da na taɓa saya hannun masu tsofaffin kayan aiki a kasuwar Katako, na jefa shi ƙarƙashin tebur don ban san darajarsa ba. Muƙamuƙai biyu ne na katako, tsawon kowanne kamar santimita 25, da sanduna biyu na ƙarfe masu haƙora, kowace da mariƙinta. A jikinsa an buga Jorgensen. Kamfanin da ya fara yin su a Shikago ta Amurka aka kafa shi a 1903, sunan kuwa na Hans Jorgensen ne, kafintan da ya fito da dabarar. Dabarar ita ce kowace sanda rabinta haƙoran dama ne, rabi na hagu, kuma suna bi ta cikin wasu dunƙulallun noti da ke juyawa a cikin katakon. Saboda haka muƙamuƙan suna iya karkacewa su bi siffar abin da aka ba su, ko da bakinsa ɗaya ya fi ɗaya kauri. Da na gwada shi a kan wata ƙafar kujera irin waccan, ya rungume ta tun daga sama har ƙasa, bai zame ba, bai bar tabo ba.

Guda ɗaya ba ya isar mai shago. Na zaga Katako, na leƙa shagunan kayan gini na wajen Babbar Kasuwa, duk na ƙarfe ake miƙo mini. Wani ya ce zai sa a kawo mini daga waje, amma da ya lissafa kuɗin kaya da na jirgi sai na ga kuɗin guda biyu zai sayi katakon gado. Shi ne na yanke shawarar in sa a yi mini a nan gida.

Mutum biyu na ba aikin. Na farko wani dattijo ne da aka kwatanta mini, ya haura shekara saba'in, yana da ɗan akwatin yankan haƙoran katako da ya gada wurin maigidansa. Shi ya yi mini biyu na tsohon yayi, waɗanda har sandunansu katako ne. Na biyu wani saurayi ne mai injin tur, wato injin fere ƙarfe, shi ya yanka mini sandunan ƙarfe da noti yana duban na Amurkan nan, ni kuma na yi muƙamuƙan da hannuna. Na dattijo jikka 7 kowanne, katako nawa. Ƙarafan saurayi sun tashi jikka 9 na kowane mamatsi.

Bari in daɗe kan na dattijon, don su ne suka fi shiga raina.

Ranar da na je masa da guntun jan katako sabo daga kasuwa, ya ɗauka ya sunsuna, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya miƙo mini abina. Ya ce, "Ɗana, wannan da sauran ruwa a cikinsa. In na yi maka sanda da shi, hunturu na zuwa zai zama kamar ƙwai, ba zai juya ba." Na ce, "To Baba, da me za a yi?" Ya ce in nemo tsohuwar taɓarya ta ƙirya wadda mata suka gaji da ita. Na samo biyu a gidan gwaggona, kawunansu sun cinye amma tsakiyar lafiya lau. Itacen da ya shekara goma yana shan rana da daka ya gama duk motsin da zai yi. Muƙamuƙan kuma na yanke su daga ƙafar wani tsohon gado na maɗaci.

Na zauna na ga yadda yake yanka haƙoran. Ya fere sandar ta yi sumul, kaurinta kamar santimita 2 da ɗan ɗori, ya jiƙa ta cikin mai kwana biyar don kada haƙoran su ɓantare. Sannan ya cusa bakinta cikin akwatin nan, wanda a cikinsa akwai 'yar wuƙa mai baki kamar harafin V. Yana murzawa a hankali, ɓawon itacen na fitowa ta gefe siriri a nannaɗe kamar taliya, yana ƙamshin mai. In ya yi zagaye biyu sai ya koma baya kaɗan, ya hure, ya ci gaba. Sanda ɗaya ta ci masa kusan rabin awa, bai ɗaga kai ya dube ni ba ko sau ɗaya.

Tsohon yayin ba shi da haƙoran hagu. Sandar tsakiya tana ratsa muƙamuƙi ɗaya a sake ta kama haƙora a ɗayan, ita ce mai jawowa. Ta baya tana bin haƙora a muƙamuƙi ɗaya, bakinta ya shiga wani ɗan rami a ɗayan ya tura. Ƙarfin matsin daga ta bayan yake fitowa: tana buɗa gindin, ta tsakiya ta tokare, sai bakin ya rufe. Shi ya sa ake fara daidaita ta tsakiya har muƙamuƙan su kwanta a jikin aikin, sannan a ƙarasa da ta baya. Wanda ya juya wannan tsari, bakin kawai zai ciza ko gindin kawai, gam ya fita ta gefe ɗaya, haɗin ya buɗe ta ɗayan. Yarona ya yi sati guda kafin hannunsa ya gane.

A aiki, abin da na fi yabawa shi ne faɗin wurin da suke kamawa. Mamatsin ƙarfe a wuri ɗaya yake danna ƙarfinsa, faɗin kwabo. Wannan kuwa yana shimfiɗa matsin a kan tsawon santimita goma ko fiye, ga shi katako ne a kan katako. Farin katako mai laushi, wanda farce ma yana lotsa shi, na matse shi da su ban sa ƙyalle ko guntun fale-fale a tsakani ba, ya fito ba alama. Baƙin tabon nan da ƙarfe ke bari in ya haɗu da ɗanyen gam, shi ma babu. Sannan gefensu a shafe yake, sai in kwantar da ɗaya a kan tebur in ɗaure shi da na ƙarfe, ya riƙe mini ƙofar kabad a tsaye ina gyara bakinta. Ƙananan guntaye da a da nake riƙewa da yatsu in kai wa injin huda, yanzu mamatsin ke riƙewa. Na san kafintoci biyu da suka rasa kan yatsa a irin wannan aiki, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Ɗaya daga cikin mamatsan ma na yanka masa ɗan lungu a cikin baki don ya kama abu mai zagaye, kamar ƙotar fartanya.

Sai dai damina ta nuna mini aibinsu. A watan Maris aka yi su, lokacin da iskar Yamai ta bushe ƙayau, kuma dattijo ya yi haƙoran cif-cif, ba wasa ko kaɗan a tsakani. Ina ta murna da hakan. Da Agusta ta yi, katako ya sha laima ya kumbura, shi kuwa ta faɗi yake kumbura, ba ta tsawo ba, sai sandar ta cika raminta. Ɗaya ta yi tauri amma tana juyawa. Ɗayar ta ƙi sam. Ina cikin sauri, ga gam yana bushewa, na sa ƙarfi, sai na ji ƙas. Haƙora kamar faɗin yatsu biyu suka ruɓushe. Na mayar masa da ita raina a ɓace. Ya juya ta a hannu ya ce, "Laifina ne, ɗana. Da rani na yi ta, ban bar wa damina wurinta ba." Ya yanka mini sabuwa bai karɓi ko dala ba, ya kuma bi sauran ukun ya rage musu kauri kaɗan. Yanzu da rani suna ɗan girgiɗi, amma da zarar an matsa sai su zauna daram. Duk wanda zai sa a yi masa, ya ce a bar wannan 'yar sakewar, ko kuma ya ba da aikin cikin damina.

Kakin zuma nake goga wa haƙoran duk wata, in babu in sa kyandir. Kada a kusance su da baƙin mai, yana bin katako ya shiga aikin mutane, gam kuma ba ya kama inda mai ya taɓa. Cikin bakin ma ina shafa kaki, domin ran da na manta gam ya zubo ya manne muƙamuƙi da aikin, sai da na sa kurfi na raba su. Kuma a rataye nake ajiye su a bango, nesa da ƙasa, saboda gara.

Masu sandunan ƙarfen ba su da dogon labari. Saurayin ya ce sati biyu, ya kai sati biyar, kullum wuta ce aka ɗauke, kuma lokacin zafi ne, na san ba ƙarya yake ba duka. Yankan haƙoran hagu da na dama ya fita da kyau. Inda ya gaza shi ne mariƙi: siririyar ƙusa ya soka ta riƙe shi da sandar, cikin wata biyu guda biyu suka karye, mariƙin na juyawa sanda na tsaye. Na huda na sa ƙarfe mai kaurin milimita 4, tun daga nan shiru. Suna tsatsa da damina in ba a kula ba. Amma su ne ke karkacewa sosai, su nake ɗauka in aiki ya zo a sheƙe kamar ƙafar kujerar hajiya, na katakon ba sa karkata sai kaɗan. Suna da sauri kuma: ka kama mariƙan biyu, ka juya mamatsin gaba ɗaya kamar mai tuƙa feda da hannu, nan da nan ya buɗe ko ya rufe. A zafin Afrilu, da farin gam ke fara kamewa cikin 'yan mintuna, wannan saurin yana da rana.

Da farko na so in rage kuɗi in sayi doguwar sandar ƙarfe mai haƙora da ake sayarwa a shagunan kayan gini, in yi tsohon yayi da ita. Ana iya yi, na gwada ɗaya. Amma mai kaurin milimita 12 tafiyar milimita 1.75 kawai take yi a kowane zagaye, alhali sandar dattijo tana tafiya fiye da milimita 4. Hannu zai gaji kafin baki ya rufe. Wanda ba shi da hali ya yi hakan, zai riƙe masa aiki, amma ya daidaita buɗin tun kafin ya zuba gam.

Akwai abin da ba za su yi ba. Buɗinsu bai wuce santimita 15 ba, don haka haɗa faifan tebur ko firam ɗin ƙofa sai dogayen na ƙarfe. Suna da nauyi, suna cin wuri. Mai aikin rufi ko mai buga benci da ƙusa ba ya bukatarsu. Amma mai gyaran kujeru, mai akwatuna da kabad, mai aikin da za a shafa da hannu a duba, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. In za a tambaye ni, mutum ya fara da biyu masu sandunan ƙarfe saboda karkacewar, in ya samu mai yankan haƙoran katako ya ƙara da biyu nasa.

Samun irin dattijon ne wahalar. Na tambaye shi ko akwai wanda ya koya a hannunsa, ya ce yaran duk sun koma aikin alminiyam da walda. Na roƙe shi ya bar yarona ya riƙa zuwa ranar Lahadi, ya amince, da sharaɗin yaron ya fara da koyon wasa 'yar wuƙar nan kafin ya taɓa itace. Wata na uku ke nan yana zuwa. Na kuma samo wasu taɓare biyu daga Tawa, suna jingine a shago, na ba da aikin manya guda biyu masu tsawon santimita 35, za a yanka su in ruwa ya sauka.