Dawanau ko 'Yankaba: Wacce Ta Fi Nuna Fuskar Manomin Kano?

Duk mai son sanin yadda amfanin gona ke shigowa birnin Kano yana da zaɓi biyu, wato kasuwar Dawanau da ke kan titin Katsina, ko kasuwar 'Yankaba da ke kan titin Haɗeja.

Dawanau, wadda aka kafa a shekarar 1985, kasuwar hatsi ce da sunanta ya zagaya Afirka ta Yamma, inda fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru ke lodin gero da dawa da wake da riɗi a manyan motoci. Hatsi yana jure ajiya, saboda haka mai rumbu yakan iya jira har farashi ya tashi, kuma galibi dillali ne ke tsakanin manomi da mai saye.

'Yankaba kuwa kasuwar kayan gwari ce, kuma a ganina ita ce ta fi kusa da gumin manomi. Tun da asuba kwandunan tumatir da attaruhu da tattasai ke sauka daga gonakin rani na Kura da Kadawa, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, wasu har da danshin ƙasa a jikinsu. Tumatir ba ya jiran kowa, don haka kwandon da aka taya da tsada da safe yakan karye idan rana ta take, mai kaya kuma ya ce "albarka" sau biyu kafin ya sallama. Daga nan ne masu kayan miya na unguwanni ke saro abin da uwargida za ta jefa a tukunya da yamma.